Ka San Asalin Abin da Kake Aunawa

Ɗana mai shago, ko a Gumel kake, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, da kai nake magana. Na yi shekaru ina awo kafin ƙafa ta gaza, kuma har yau idan na shiga kasuwa idona ba ya barin kantocin mutane. Na leƙa shagunan sa'o'inka da dama, na ga kun iya jeri. Kwalayen taliya sun kai rufi, ga makaroni, ga madarar gari, ga tumatirin leda, ga dunƙulen miya kala-kala, ga biskit da lemon roba. Allah ya ƙara buɗi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sai in duba sama da ƙasa ban ga tiya ɗaya ta surfaffen gero ba, ban ga kwalbar man gyaɗar da aka matse a unguwar ba, ban ga daddawa ko garin kuka ba. Shago a tsakiyar ƙasar Lautai, ƙasar gero da wake da riɗi da zoɓo, amma kusan duk abin da ke cikinsa a mota aka kawo shi daga kasuwar Singa ta Kano.

Ban zo in hana ka saro kayan kamfani ba. Mutane na so, kai kuma neman halak ka fito. Akwai ma waɗanda zan ce kada ka rabu da su. Gishirin leda mai sinadarin aidin shi ya rage mana maƙoƙon da muka taso muna gani a wuyan mutane, kuma dokar ƙasa ta tilasta a sa bitamin A cikin sukari da fulawa da man girkin kamfani. Wannan alheri ne, mu faɗe shi. Maganata a kan ɗaya ɓangaren shagon take, wanda ka bari fayau.

Ka tsaya ranar Alhamis a Maigatari ka kalli abin da manyan motoci ke ɗauka. Ban da shanu da raƙuma da tumakin da suka sa sunan kasuwar ya kai ko'ina, za ka ga buhunan riɗi da na zoɓo ana lodi. Riɗin nan sai ya bi ta Kano ya sauka Legas, ya hau jirgin ruwa zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Zoɓon da yaranmu ke tsinka da hannu har yatsunsu su yi ja, mutanen Meksiko ne manyan masu sayensa, suna jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Geron da wasu matasa ke ganin abincin ƙauye ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum domin shi da danginsa, saboda yana jure fari kuma yana gina jiki. A manyan kantunan Turai da Amurka akwai sashe na musamman na abincin da suke kira oganik, wato wanda aka noma ba da takin zamani ba, ba da maganin feshi na kamfani ba. Farashinsa ya fi na sauran, kuma masu hali ne ke rububinsa. Haka kuma suna alfahari da abincin da aka noma kusa da garinsu, har a rubuta sunan gonar a jikin kwando. Mu da aka haifa a cikin wannan ni'ima mun mayar da ita abin kunya, muna ɓoye kwanon daddawa a bayan kwali.

Sai dai a nan nake so ka buɗe kunne, domin nan ne mafi yawan masu wannan magana ke kaucewa. Za ka ji ana cewa duk abin da aka noma a gida lafiyayye ne, na kamfani ne mai cuta. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma wanda ya taɓa kwana a rumfar hatsi ya sani. Waken gonar maƙwabcinka zai iya fin gwangwanin da aka yo daga Sin haɗari, idan an zuba masa fiya-fiya kafin a ɗinke buhun.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, wanda har yau nake neman gafarar Allah a kansa. Wata shekara da bazara, wake ya yi tsada, wani mutum ya kawo mini buhu huɗu a farashin da ya yi mini daɗi. Da na kwance bakin buhu, wake fari tas, babu huji ko ɗaya, ga wani wari-wari da ya bugi hancina. Na san warin. Zuciyata ta faɗa mini, amma na ce ai in an shanya zai fita, in an wanke an dafa shi ke nan. Na aunar. Bayan kwana biyu wata tsohuwa da ta saba saye a wurina ta zo ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, jikokina uku sun kwana suna amai da gudawa, kuma ban ba su komai ba sai waken da na auna a nan." Allah ya kiyaye, yaran sun tashi. Na biya kuɗin magani, na haƙa rami na binne abin da ya rage, na yi asarar da ta girgiza jarina. Amma abin da ya fi asarar ciwo shi ne tsohuwar nan ba ta sake tsayawa a rumfata ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ta kan gaishe ni, ta wuce ta auna a gaba. Na sani tun kafin in aunar, ɗana. Wannan ne ya sa ba na iya yin shiru.

Kuma abin ya wuce rumfa ɗaya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Aka sake tsawaita haramcin a 2016. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna. Ka yi wa kanka tambaya: waken da Bature ya ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa, ina ya nufa? Cikin tukwanenmu ya dawo. Shi yana da ɗakin gwaji da ma'aikatan da ke tsare masa ƙofa. Matar da ta aiko yaro da kuɗin rabin tiya ba ta da kowa sai kai. Kai ne ƙofar ƙarshe kafin tukunya, in ka bari ya wuce, babu mai tare shi kuma.

Saboda haka idan ka je sari, kada ka tsaya ga farashi da kyan ido kawai. Ka zura hannu har tsakiyar buhu, ka ɗebo, ka shinshina. Ka tambayi mai kaya da me ya adana, kuma ka kalli fuskarsa lokacin da yake ba ka amsa. Waken da ya kai bazara babu ko ƙwaro ɗaya, kuma ba daga rufaffen mazubi ya fito ba, akwai dalili. Gara mini wake mai ɗan huji da za a tsince a dafa, da mai sheƙi wanda ƙwaro ma ya ji tsoronsa. Ka kuma yi hattara da ƙwayar nan da ake kira bam, wadda ake jefawa cikin hatsi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Kada ka yarda a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da yaron shagonka ke kwana, ko kusa da ɗakin iyali.

Ga hanya kuma Allah ya kawo, ba sai an sa guba ba. Akwai buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka tabbata waken ya bushe ƙayau, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar da ta rage su mutu, ƙwansu ma ba zai yi komai ba. Ka ɗora shi a kan katako, ka tsare shi daga ɓera, domin huji ɗaya ya ɓata aikin. Jarka mai murfi ko duro da aka toshe bakinsa sosai suna yin wannan aikin. Iyayenmu ma da toka da yashi da barkono suke tsare irin shukarsu a tulu, dabarar ɗaya ce, a hana ƙwaro sarari da numfashi. Idan kana da ɗan jari, ka sayi wake da kaka kai tsaye daga hannun manomin da ka sani, ka adana da kanka ta wannan hanya. Ranar da ka buɗe shi da bazara za ka iya dafa ƙirji ka ce wa mai saye, "Wannan ni na ajiye shi, babu magani a ciki," kuma ka kwana da zuciya ɗaya.

Gyaɗa kuma tata matsalar daban ce, kuma ta fi ɓoyuwa. Idan aka shanya ta a ƙasa mai laima, ko aka ɗure ta a buhu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi funfuna, funfunar kuma ta haifar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. Wuta ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. A hankali take cin hanta, tana kuma tsumburar da yara. Masara ma haka. Abin takaici, sau da yawa gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa kasuwa, lalatacciya da baƙa-baƙar a bar wa mai ƙuli-ƙuli saboda araha. Idan za ka karɓi mai da ƙuli daga wata baiwar Allah a unguwarku, ka roƙe ta ta tsince gyaɗar, ka kuma ƙara mata wani abu a kan kuɗin domin asarar abin da ta zubar. In ba ka ƙara ba, ka san ba za ta iya zubarwa ba, ita ma 'ya'ya gare ta.

Kada kuma ka ari kalmar oganik ka manna wa kayanka don ka ji ana yayinta. A can inda aka ƙirƙiro ta, sai gona ta yi shekara biyu ko uku ba a sa mata takin zamani ko feshi ba, masu bincike su zo su duba, su ba da takarda, sannan a yarda manomi ya yi amfani da sunan. Mu nan, mu faɗi gaskiya, ƙasarmu jigawa ce, ta gaji, kuma manomi da yawa sai ya haɗa takin gida da ɗan na zamani kafin ya samu abin da zai kai shi wata kakar. Maganin ciyawa ya shiga ko'ina saboda kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfin mutane. Ni ban ga laifin wanda ya sa wa geronsa taki daidai ƙima ba. Abin da nake tsoro shi ne feshin da ake yi wa tumatir da kankana da ganye yau, gobe a tsinko a kawo kasuwa, da gubar da ake zubawa a wurin ajiya, da sinadarin kabaid da ake nuna ayaba da mangwaro da shi. Ka faɗi iya abin da ka sani. "Wannan geron daga gonar wane yake, takin dabbobi ya sa." "Wannan a Gujungu na saro shi ranar Lahadi, ban san yadda aka ajiye shi ba, a wanke da kyau." Wallahi mai saye ya fi son wannan da rantsuwar ƙarya. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa zura hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuma yi masa gargaɗi mai tsanani. Jiƙaƙƙen zamaninmu ba a ganinsa da ido, amma hukuncin bai canja ba.

Akwai masu noma da tsohuwar hanya har yanzu, kuma ya kamata ka neme su. Su ne waɗanda ke kwashe takin turke da tokar murhu da sharar gida a amalanke tun rani suna kaiwa gona. Su ne masu barin Fulani su sauka a gonarsu bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Su ne waɗanda ba sa sare gawo. Ka lura da geron da ke ƙarƙashin gawo ka gwada shi da na fili. Itacen nan yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da shuka ke son rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, wajen Magarya da Matamaye da ƙasar Maraɗi, sun dawo da miliyoyin itatuwa gonakinsu tun daga shekarun 1980 ba tare da dashe ba. Tohon da ya fito daga tsohon kututture kawai suke bari, su rage shi, su kula da shi, suna kiran abin sassaben zamani. Irin waɗannan manoma ba su da takardar kowa, amma kai kana iya zuwa gonarsu da ƙafarka ka gani. Wanda ke kanti a Landan ba shi da wannan gatan.

Na san abin da za ka ce mini. Za ka ce, "Baba, taliya ita ke tafiya, gero kuwa kowa na da shi a gida." Ka duba da kyau. Malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan acaɓa, da amaryar da aka kawo jiya, ba kowa ke da rumbu ba. Kuma ba don taliya ta fi tuwo daɗi ake sayenta ba. Tana dahuwa kafin gawayi ya cinye, ba surfe, ba wanki, ba kai niƙa. Wahalar ce mutane ke gudu. To ka ɗauke musu wahalar, ka ci ribarka a nan. Ka ajiye surfaffen gero wanda aka rege babu tsakuwa, da garin kunu, da garin ɗanwake da aka riga aka haɗa, da tsakin dambu, da busasshiyar kuɓewa dakakkiya, da kuka mai kore wadda aka shanya a inuwa, da zogale, da daddawar kalwa da ta batso, da kantun riɗi na yara maimakon alewar da ba ka san da me aka rina ta ba. Ka ƙulla su cikin tsabta, ka rufe daga ƙuda da ƙura, ka ɗora su a kanta ta gaba inda ido zai fara sauka. Kada ka tara da yawa, gari ba ya son daɗewa a zafin nan namu. Kaɗan-kaɗan, sabo-sabo. Idan abin ya bunƙasa har kana son kai shi wasu garuruwa da sunanka a jiki, sai ka nemi rajistar NAFDAC, kada ka yi gaban kanka.

Waɗanda za su yi maka wannan aiki suna nan cikin gidaje, zawarawa da matan da mazajensu suka tafi cirani da tsofaffin da ke riƙon marayu. Ina roƙonka abu ɗaya game da su: ka biya su a kan lokaci. Na ga 'yan kasuwa da ke kai wa dilan Singa kuɗinsa lakadan jiki na rawa, amma matar da ta kawo man gyaɗa kwalba biyar sai ta yi sawu huɗu ana ce mata ta dawo gobe. Jarinta ke nan gaba ɗaya a hannunka. In ka riƙe shi mako guda, ka kashe sana'ar, ka kuma ɗauki alhaki.

Ka kuma yi lissafin inda kuɗin ke zuwa. Alkamar da ake taliya da fulawa da ita, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya taɓa farashin burodi a Gumel. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane kwali da ke hawa mota daga Legas zuwa Kano zuwa nan sai da ya ƙara kuɗi. Mu mutanen bakin iyaka mun ga wani darasin ma. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk wanda cinikinsa ya rataya a kan hanya ɗaya ya ji a jikinsa. Geron Sule Tankarkar kuwa a amalanke yake zuwa, ba ya jiran dala, ba ya jiran a buɗe shinge. Kuɗin da ka ba manomin Gagarawa ko mai daddawar unguwarku, da yamma za su dawo shagonka a sayi sabulu da sukari. Waɗanda ka tura Legas sun tafi ke nan.

Ban ce za ka ga riba a watan farko ba. Wasu za su taya kayanka su ce na kasuwa ya fi araha, su tafi. Ka bar su, kada ka rage inganci don ka kamo su. Mai ciwon sukari da likita ya ce ya koma abincin gargajiya zai neme ka. Mai jego da ke son kunun da ta yarda da shi za ta aiko. Mata kuwa in suka yarda da abu, a gidan biki da gidan suna za su yi maka shelar da rediyo ba zai yi ba. In kuma suka kama ka da algus sau ɗaya, ta wannan hanyar dai labarin zai bi.

Kaka na tafe, ɗana. Tun yanzu ka ware kanta ɗaya a shagonka, ka share ta. Ka nemi manomi biyu ko uku da ka san gonarsu, da mata biyu da ka yarda da tsabtarsu, ku yi magana. Ka sayi buhu mai hawa uku ko da guda biyu ne, ka fara da su. Duk abin da za ka ɗora a kantar nan, ka fara kai shi gidanka a dafa wa 'ya'yanka. Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga cin haƙƙin wanda ya amince da kai.